Gasar kamfanonin zamani, kamar yadda take bayyana a kasuwar Dakoro

Ranar kasuwa a Dakoro, idan makiyayi ya sayar da sa ko raƙumi, abu na farko da ke damunsa shi ne yadda kuɗin za su kai gida lafiya. A da, sai ya ɗaure su a lalita, ko ya ba direban mota amana. Yau kuwa yakan nufi reshen ɗaya daga cikin kamfanonin aiken kuɗi, ya miƙa jikkunansa, ya faɗi sunan mai karɓa da lambar talho ɗinsa, kafin ya gama shan shayi ɗan'uwansa ya karɓa a Maraɗi ko Tawa ko Agadas. A wannan ɗan teburi ne ake ganin ainihin gasar da kamfanonin fasaha ke yi a ƙasar Nijar, fiye da yadda ake ganin ta a ɗakunan taro na Yamai.

Talho na hannu ya fara yaɗuwa a ƙasar a shekarar 2001. Kamfanin Celtel ya koma Zain a 2008, sa'an nan ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, ya fita a 2019 bayan ya sayar da dukiyarsa ga kamfanin Zamani. Moov yana hannun Maroc Telecom na ƙasar Maroko. Gwamnati kuma ta haɗe Sonitel da SahelCom a 2016, aka sami Niger Telecoms. Mutumin karkara bai damu ƙwarai da waɗannan sauye-sauyen suna ba. Tambayarsa ɗaya ce: wane rezo ne ke kamawa a bakin rijiya, arewa da kwarin Tarka, a kan hanyar Barmo? Shi ya sa mutane da yawa ke riƙe layi biyu ko uku.

Amfanin talho ga kasuwanci ba zato ba ne, an auna shi. Wata malamar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda rezo ya kai. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina hawan mota don ya je ya tambayi kuɗin tiyar gero, kira ɗaya ya wadatar.

Amma da aka zo kan maganar kuɗi, sai labari ya sha bamban da na wasu ƙasashe. A Kenya, kamfanin talho ne, wato Safaricom, ya fito da M-Pesa a 2007, ya mamaye aiken kuɗi. A Nijar ma kamfanonin talho sun fito da nasu, kamar Airtel Money, sai dai jama'a sun fi karkata ga kamfanonin ƴan ƙasa irin su Al Izza, Nita, Amana da BNIF Afuwa. Waɗannan ba su tsaya jiran talaka ya iya latsa lambobi ba. Sun buɗe rassa kusa da kasuwa da tashar mota, sun zaunar da ma'aikaci mai jin Hausa, suka ajiye tsabar kuɗi a akwati. Wanda bai iya karatu ba yana faɗin buƙatarsa da baki, yana ganin fuskar wanda ya karɓi dukiyarsa, kuma ya san ƙofar da zai koma idan an sami kuskure. Na'ura tana can tana aiki a bayan teburi, amma abin da aka sayar wa makiyayi shi ne amana. Sai daga baya ne waɗansunsu suka fito da manhajar talho, irin MyNita, don masu babbar salula.

Maƙwabta ma sun ga irin haka. Lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci a Najeriya a farkon 2023, kamfanoni kamar OPay da Moniepoint sun yi gaba saboda yawan wakilansu da ke zaune ƙarƙashin laima a Kano da Katsina. Fatake na Maraɗi da ke tsallaka iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya sun gani da idonsu.

Ƙananan kamfanoni na matasa masu ƙirƙira kuwa, mafi yawansu a Yamai suke. Can aka buɗe CIPMEN a 2014, cibiyar da ke renon sababbin kamfanoni, can bankuna da ofisoshin ƙungiyoyin waje suke, can kuma wutar lantarki da intanet suka fi samuwa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov, wanda ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa: manomi ya kira da talho, famfo mai aiki da hasken rana ya tashi, ruwa ya shiga garka. A 2015 ya karɓi babbar lambar yabo ta Sarki Hasan na Biyu a taron duniya kan ruwa da aka yi a Koriya ta Kudu. Abin alfahari ne. Sai dai a ƙasar Dakoro, inda rijiya ke da zurfi kuma arziki ke tafiya da ƙafa huɗu, buƙata ta fi karkata ga sanin inda ciyawa take, da farashin bisashe, da labarin cutar dabbobi tun ba ta yaɗu ba. Matashin da ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya fi wanda ke Yamai kusa da waɗannan matsaloli, amma ya fi shi nisa da jari da masu ba da shawara. Da yawa sukan tattara su tafi babban birni, su koma rubuta manhaja da Faransanci, harshen da makiyayin ba ya ji.

Akwai wani abu da ya shafi ɗaliban yaƙi da jahilci kai tsaye. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an gwada koya wa manya amfani da talho a cikin darussansu, tare da ƙungiyar CRS. Waɗanda suka koyi aika saƙo sun fi sauran riƙe karatu da lissafi, domin kullum suna da abin da zai sa su yi amfani da su. Mai iya karanta saƙon da ya shigo masa yana iya duba adadin da aka aiko da kuɗin da aka cire, ya kwatanta kamfani da kamfani kafin ya miƙa jikkarsa.

A 2025 intanet na tauraron ɗan Adam na Starlink ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma, abin da ya ƙara wa kamfanonin talho abokin gasa a wuraren da ba su kafa eriya ba. Kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin makiyayi guda, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar makiyaya, ko gidan magajin gari, ko ɗan kasuwar da ke sayar wa matasa intanet awa-awa ba.