Sunayen da Kan Fito Ƙarƙashin Network a Kwamfutar Ofis

A yawon da muke yi wurin ƙungiyoyin manoma da ƙananan asibitocin karkara, yanzu da wuya mu shiga ofis ba mu tarar da kwamfuta biyu ko uku ba. Ta sakatare daban, ta ma'aji daban, wani wurin har da ta mai kula da sito. Akwai kuwa tambaya ɗaya da ake yawan yi mana. Idan mutum ya buɗe wurin duba fayil, wanda a Windows ake kira File Explorer, a Mac kuma Finder, a Linux kuwa Files ko Dolphin, yakan ga wata kalmar Turanci a gefen hagu, wato Network. Wani ya danna ya ga sunayen da bai sani ba, sai ya tsorata. Wani kuma ya danna bai ga kome ba, sai ya ce kwamfutarsa ta lalace. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a wannan fitowa.

Da fari dai, abin da ke ƙarƙashin Network ba ya cikin kwamfutarmu. Foldar takardu da ta hotuna su ne rumbunmu na cikin gida. Network kuwa kamar mutum ya tsaya a ƙofar zaure ne yana hangen rumbunan maƙwabta. Duk kwamfutar da aka haɗa da rauta ɗaya da tamu, ko da waya ko da Wi-Fi, maƙwabciya ce. Ba sai da intanet ba. Ko data ta ƙare, muddin rauta tana kunne, kwamfutocin ofis suna iya miƙa wa juna fayil. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su yi ta yawo da filash daga wannan tebur zuwa wancan, suna kwasar cutar kwamfuta suna rarrabawa.

Ba kowane suna ne kwamfuta ba. Na'urar buga takardu takan fito, rautar da kanta takan fito, wani lokaci har talabijin na zamani. Kada wannan ya dame ku. Idan kun danna sunan wata kwamfuta, za a tambaye ku sunan mai amfani da kalmar sirri. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, gama sukan rubuta na kwamfutar da ke gabansu. Na waccan kwamfutar ake nema, wadda kuke son shiga. Ai mabuɗin ɗakinka ba ya buɗe ɗakin maƙwabci. Bayan an shiga, ba dukan abin da ke cikinta za a gani ba, sai foldar da mai ita ya yarda ya buɗe wa jama'a. Masu Linux kuma wani lokaci sukan ga sunaye masu alamar dala a ƙarshe, kamar print$ ko C$ ko IPC$. Waɗannan na aikin kwamfutar ne da kanta, Windows takan ɓoye su. A bar su yadda suke.

Kafin kwamfutoci biyu su miƙa wa juna fayil, dole su ji yare ɗaya. Yaren da aka fi amfani da shi a ofisoshi ana kiransa SMB. Wani ma'aikacin kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya fara tsara shi a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauka ya sa a Windows. A 1992 wani ɗalibi a Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda take ba kwamfutar Linux damar jin wannan yare, kyauta kuwa ake samunta. Shi ya sa a Linux kukan ga an rubuta Windows Network ko SMB, ko da babu Windows ko ɗaya a ofishin. Sunan yaren ne kawai. Akwai waɗansu yarukan, irin su NFS na kamfanin Sun daga 1984, da FTP da ya samo asali tun 1971, da SFTP. Ƙaramin ofis ba ya bukatarsu sosai. Abin da za mu ce kawai, tsohon FTP yana aika kalmar sirri a fili ba rufi, saboda haka ba mu ba da shawararsa.

To, me ya sa wani kan buɗe Network ya tarar da wayam, alhali ga kwamfutar ma'aji can tana kunne? A dā, kwamfutocin ofis sukan zaɓi ɗaya daga cikinsu ta zama kamar mai unguwa, tana riƙe da sunayen kowa, wanda ya tambaya ta karanta masa. Wannan tsari ya dogara ne ga tsohon SMB, wanda ake kira SMB1. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB1 ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Takan kulle fayil na mutum ta ce sai ya biya dala 300 kafin a buɗe. Asibitocin gwamnati na Ingila da Sikotilan sun ji jiki ƙwarai, har aka fasa ganin majiyyata da dama. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta kwamfutarsu ba su ne abin ya fi ci. Daga ƙarshen 2017 Microsoft ya fara daina sa SMB1 a sababbin Windows 10, Samba ma ta kashe shi a 2019. Da ya tafi, sai mai unguwa ya tafi tare da shi.

Yanzu kowace kwamfuta ita take shelar kanta. Matsalar ita ce ba irin shela ɗaya suke yi ba. Windows tana da tata hanyar, Mac yana da tasa mai suna Bonjour, Linux kuma yakan bi irin ta Mac ta wata manhaja mai suna Avahi. Don haka sau da yawa Mac da Linux sukan ga juna, Windows kuwa ba ta ga Linux ba sai an ƙara masa wata 'yar manhaja mai suna wsdd. Har wa yau, idan an gaya wa Windows cewa haɗin na wurin jama'a ne, wato Public, takan yi shiru ta ɓuya da gangan. A ofis sai a mai da shi Private. A otal ko tashar mota kuwa, a bar shi Public ɗin, ɓuyan ne ake so.

Muna roƙonku, idan mai gyara ya ce zai kunna muku SMB1 domin sunaye su fito, kada ku yarda. Sunayen za su fito, gaskiya ne, amma an cire ƙyauren gida ke nan don a riƙa ganin waje. Rashin ganin suna ba ya nufin ba a iya shiga. Kowace kwamfuta tana da lambar adireshi da rauta ta ba ta, misali 192.168.1.5. A Windows, a rubuta \\192.168.1.5 a layin adireshi na sama. A Linux da Mac kuma a rubuta smb://192.168.1.5 a wurin da aka tanada domin haɗuwa da wata kwamfuta. Sai dai a lura, a wurarenmu da wuta take yawan ɗaukewa, idan rauta ta mutu ta tashi tana iya ba kwamfuta wata lamba dabam. Jiya an shiga, yau an kasa. Maganinsa shi ne mai gyara ya sa rauta ta keɓe wa kwamfutar ajiya lamba ɗaya da ba ta sākewa, a rubuta ta a takarda a ajiye a aljihun tebur.

Saura abin da ya fi damunmu. Fayil da kuka buɗe ta Network ba kwafi ba ne, shi ne ainihinsa. Abin da kuka sāke, kun sāke wa kowa. Mun san wani ofishin ƙungiya inda sakatare ya ga littafin bashin taki a tagarsa, ya zaci tsohon kwafi ne da ya taɓa ɗauka, ya share. Da ma'aji ya zo neman sunayen waɗanda suka biya bayan kaka, babu. Suka duba kwandon shara na kwamfutar sakatare, babu, suka duba na ma'aji, nan ma babu. Dalili kuwa, a Windows abin da aka share daga foldar wata kwamfuta ba ya shiga kwandon shara, tafiya yake yi gaba ɗaya. Kwamfuta takan yi gargaɗi kafin ta share, amma wa yake tsayawa ya karanta? Sai da suka koma ga rasit na takarda ɗaya bayan ɗaya, manomin da ya yar da nasa kuwa sai da aka kai ga shaidu. Haka nan idan an laƙaba wa foldar wani harafi, kamar Z:, sai ta yi kama da ta cikin gida, nan ma kuskuren ya fi sauƙi.

Sa'ad da ake buɗe folda ga jama'a, kwamfuta takan tambaya ko a bar mutane su karanta kawai, ko kuwa su karanta su kuma sāke. Shawararmu, littafin kuɗi da na bashi ma'aji kaɗai ya iya sākewa, sauran su karanta. Takardun majiyyata kuwa kada a buɗe su ga Everyone ko kaɗan, domin wannan kalma tana nufin duk mai sunan shiga a kwamfutar, in kuma an kashe neman kalmar sirri, har baƙon da aka ba shi Wi-Fi don ya duba saƙo a wayarsa. A yi wa kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa, wanda ya bar aiki a soke nasa a ranar. Kada kuma a buɗe dukan kwamfuta, folda ɗaya ta isa.

Ajiye fayil a kwamfutar ma'aji bai zama an yi masa ajiya ta biyu ba, har yanzu wuri ɗaya yake. Kowace Juma'a kafin a tashi, a kwafe foldar ofis a wani faifan ajiya na waje, a cire shi daga jikin kwamfuta, a kulle a akwatin kuɗi. Sau ɗaya a wata kuma shugaba ya sa a buɗe faifan a gabansa, ya ga littafin bashi na makon jiya yana ciki.