Daga fargabar iyakar Ƙonni zuwa "sha-ka-fashe": Yadda sinadari ɗaya ke juya jikin mutum

Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan motoci sun yi cirko-cirko tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato, kuma ba a buɗe hanyar ba sai a Maris ɗin 2024. Manomin albasar Galmi da kayansa ke ruɓewa da direban da ya rasa lodi duk sun san rashin barci da faɗuwar gaba. Wannan damuwa tana da hanyar da take bi a cikin jini.

Yadda jiki ke amsa barazana

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da likitoci ke kira adirinal. Da zarar mutum ya firgita, sai ta saki sinadarin adirinalin cikin daƙiƙoƙi: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, hanta ta zuba sukari cikin jini domin a samu ƙarfin gudu ko kare kai.

Bayan wasu mintuna, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo na biyu, sai adirinal ta saki kotizol. Shi ne ke sa hanta ta ci gaba da haɗa sukari, yana kuma rage tasirin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Ga mai lafiya, kotizol kan yi yawa da sassafe, ya ragu da tsakar dare.

Tsarin ya dace da haɗari na ɗan lokaci. Amma bashi ko zaman ci-rani babu takardu a Libiya ko Aljeriya ba sa ƙarewa a yini guda. Idan damuwa ta ɗauki watanni, takan taimaka wajen kawo hawan jini da tumbi da rashin barci, ta kuma wahalar da mai ciwon sukari.

Kotizol na kasuwa

Akwai kuma masu sayen wannan matsala da kuɗinsu. Ƙwayoyin ƙiba da aka fi sani da "sha-ka-fashe", waɗanda masu tallar magani ke yawo da su a kasuwannin ƙasar Hausa, galibi suna ɗauke da dexamethasone. Magani ne na gaske da likitoci ke bayarwa ga wasu cututtuka, sai dai ya ninka kotizol ƙarfi kusan sau 25.

Budurwar da ke sha domin ta cika kafin biki za ta ga fuska ta yi bul-bul, ciki ya fito. Abin da ya taru kitse ne da ruwa, yayin da tsokar cinya da ta hannu ke zubewa. Fata kan yi sirara ta tsage, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, sukari ya hau. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan magani.

Babban haɗarin yana wajen dainawa. Idan an daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa kan daina umartar adirinal ta yi nata kotizol ɗin. Mai sha ya yanke rana ɗaya, sai amai da kasala da faɗuwar bugun jini su biyo baya, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Duk wanda ya yi makonni yana shan irin wannan ƙwaya, a Malbaza yake ko a Illelar jihar Tahoua, ya ɗauki kwalinta ya nufi asibitin gundumarsa ko asibitin Galmi, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha, a auna masa sukari da hawan jini.