Yadda Sarautar Ingila Ta Shafi Ƙasar Sakkwato

Mutanen Jabo da Tambuwal da Kebbe sun sha jin dattawa suna cewa "zamanin Sarkin Ingila." Ya kamata kowa ya san ko wace sarauta ce wannan, da yadda ikonta ya iso nan, da yadda ya ƙare.

Sarautar Ingila ta gado ce, amma gidajen da su ka riƙe ta sun sāke sau da dama. A 1688 manyan ƙasar su ka kira Wiliyam, wani basarake na ƙasar Holan, ya zo da runduna, Sarki Jemis na Biyu ya gudu. A 1689 aka naɗa Wiliyam da matarsa Meri bisa sharaɗin ba za su sa haraji ba sai da yardar Majalisa. Tun daga nan ikon sarki ya riƙa raguwa, na Majalisa yana ƙaruwa. Saboda haka abin da aka yi a nan da sunan sarki, wazirai da gwamnoni ne su ka shirya shi.

A 1886 Sarauniya Biktoriya ta ba Kamfanin Neja takardar izinin ciniki da mulki a bakin Kwara. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnati ta karɓe ikon daga kamfanin, Lugga ya zama shugaban Arewa. Ran 15 ga Maris 1903, a zamanin Sarki Edwad na Bakwai, sojansa su ka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar.

Turawa ba su rushe sarautun gargajiya ba. Sun naɗa Attahiru na Biyu, su ka bar hakimai da alƙalai a wurarensu, har gidan Buhari ɗan Shehu ya ci gaba da riƙon Tambuwal. Amma kuwa an sāke abu mai nauyi, watau naɗa sarki da tuɓe shi sun koma hannun Gwamna. Sarki ya kan yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, sa'an nan a ba shi sanda. Haraji da jangali kuwa dagatai su ka riƙa tarawa ta hannun hakimi, a raba tsakanin Baitulmalin En'e da Gwamnati.

A 1956 Sarauniya Elizabet ta Biyu ta zo Kaduna, aka yi mata hawan daba. Jihar Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris 1959, shekara 56 daidai da cin Sakkwato. Nijeriya ta sami 'yanci ran 1 ga Oktoba 1960, amma Sarauniya ta zauna shugabar ƙasa har ran 1 ga Oktoba 1963, sa'ad da aka zama Jamhuriya. Daga wannan rana ba sauran wani iko na Sarkin Ingila bisa ƙasar nan.