Garkuwar Jiki da Ciwon Daji: Karatun da Ke Jiran Ɗalibanmu

Kowace shekara, in muka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke so su zama, amsa uku muke ji: likita, nas, ko injiniya. Ba mu taɓa jin wanda ya ce yana so ya zama mai bincike ba. Ba laifinsu ba ne, gama ba su taɓa ganin irinsa ba. Saboda haka muka ga ya dace a bana mu yi bayani a kan wani fanni guda, watau binciken yadda garkuwar jiki take yaƙi da ciwon daji, da kuma hanyar da yaro daga Jega ko Maiyama zai bi har ya yi digiri na uku a cikinsa, wanda ake kira digirin digirgir.

Duk wanda ya taɓa ajiyar albasa a Aliero ya san aikin. Ba a zubawa a rumbu a tafi barci. Sai an riƙa dubawa ana tsince wadda ta fara ruɓewa, in ba haka ba ta ɓata sauran. Haka jikinmu yake. Ƙwayoyin halittarmu suna rabuwa kullum, wani lokaci kuwa ɗaya takan lalace ta shiga yaɗuwa ba tsayawa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, ana ce da su ƙwayoyin T, masu zagawa suna tsince irin waɗannan. Ciwon daji yakan samu gindin zama sa'ad da lalatacciyar ƙwayar ta koyi ɓuya, ko ta sa mai tsincewar ya yi sanyi.

A nan ne abin ya ba masana mamaki. Ashe ƙwayoyin T suna da birki, domin kada su far wa jikin mai su. Tasuku Honjo na Japan ya gano ɗaya a 1992, ana kiransa PD-1. James Allison na Amurka kuma ya nuna cewa in aka saki wani birkin mai suna CTLA-4, garkuwar jiki takan tashi ta cinye ƙarin. Maganin farko na irin wannan ya sami izini a Amurka a 2011, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2018. A 2017 har an ba da izinin a riƙa ɗibar ƙwayoyin T na majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaje-gwaje, a mayar masa su farauci sankarar jini. Amma kada mu ruɗi kanmu. Magungunan nan ba kowa suke yi wa aiki ba, tsadarsu kuwa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Me ya sa suke warkar da wani su bar wani? Irin tambayar da ake ba ɗalibin digiri na uku ke nan ya zauna a kanta shekara uku ko huɗu, ko fiye.

Wani zai ce wannan ai zancen Turawa ne. A'a. A 1958 wani likita ɗan Ailan, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. Daga baya aka gane tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda yakan gajiyar da garkuwar yaro. A 1963, a Ibadan, aka raya ƙwayoyin wannan sankara daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya. Ana kiransu ƙwayoyin Raji, kuma har yau da su ake gwada sababbin magunguna a ɗakunan bincike na duniya. Mun ba da ƙwayoyin, amma 'ya'yanmu kaɗan ne cikin masu aiki da su.

Tambayoyinmu kuwa suna nan jibge. Sankarar hanta takan biyo bayan ciwon hanta nau'in B, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara marasa bushewa tana ƙara mata ƙarfi. Sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar HPV take, shi ya sa a Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta. Rigakafi ma ai koya wa garkuwar jiki yaƙi ne. Sankarar mama kuma, Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan, tana cikin waɗanda suka nuna cewa mugun nau'inta ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma. Mu da muke zuwa gaisuwar marasa lafiya bayan sujada mun san yadda abin yake: a ɓoye ƙari a ƙarƙashin zane, a yi ta shafe-shafe, sai ya fashe a nufi asibitin koyarwa na Sakkwato, lokaci ya riga ya ƙure.

To, ina hanya? Ba lalle sai mutum ya zama likita ba, wannan ne abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda ya karanta Bayokemistiri, ko Maikurobayoloji, ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ko harhaɗa magunguna, duk ƙofa a buɗe take gare shi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana nan kusa da mu, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya. Bayan digiri na farko da bautar ƙasa sai na biyu, inda ake koyon aikin hannu sosai. Sa'an nan a nemi na uku.

A wannan mataki ba makaranta kaɗai ake nema ba, malami ake nema. Ɗalibi yakan karanta abin da wani masani ya wallafa, ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa yana faɗin abin da ya iya da tambayar da ke damunsa. Wurare da dama suna tallata guraben a intanet, kuma biyan ɗalibin ake yi, ba shi ke biya ba. Haka abin yake a cibiyar binciken ciwon daji ta Jamus da ke Heidelberg, da cibiyar Francis Crick a Landan. Akwai tallafin ƙasashen renon Ingila, da na hukumar DAAD ta Jamus. A nan Afirka ta Yamma akwai cibiyar WACCBIP a Jami'ar Ghana, mai horar da masu binciken ƙwayoyin halitta. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi domin ya samo gurbi, a yi hattara da shi.

Gasar tana da zafi, ɗaruruwa sukan nemi gurbi kaɗan. Abin da masu zaɓe suke dubawa shi ne sakamako mai kyau a digiri na farko, wasiƙun shaida daga malaman da suka san aikin mutum, Turanci mai tsabta, da alamar cewa hannunsa ya taɓa aikin ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu kuma lissafi da kwamfuta sun shigo ciki ƙwarai, domin bayanan ƙwayoyin halitta sun fi ƙarfin alƙalami da takarda. Ku 'yan aji huɗu da kuke gudun Kemistiri kuna fakewa da Bayoloji, ku sani garkuwar jiki rabinta Kemistiri ce. Littafin aikin gwaji da muke matsa muku ku rubuta kwanan wata, da abin da kuka auna, da abin da bai yi daidai ba, irinsa ne ɗalibin digirin digirgir yake riƙewa, kuma a can ma malami yakan karɓa ya duba.