Hoton Haja: Inda Layuka Suka Haɗu, Nan Idon Mai Saye Yake Sauka

Jama'a ƴan kasuwa, wanda ya taɓa bin titin Magarya zuwa Damagaram ya san wannan: idan ka dubi gaba, gefen titin biyu sai su yi ta matsowa har su haɗe can nesa, alhali kuwa faɗinsa bai ragu ba. Haka ido yake gani, haka ma kyamarar salula. Wani mutumin Italiya mai suna Alberti ya rubuta wannan ƙa'ida tun shekarar 1435 domin masu zane.

To, ina ruwanmu? Yau daga Magarya har Dungas, mai saye na Kano yakan fara ganin haja a WhatsApp kafin ya turo kuɗi. Don haka ki jera buhunan riɗi ko wake sahu biyu, ki tsaya a bakin sahun, ki buɗe buhun da kike son a gani can tsakiya, wajen da layukan suka nufa. Ido da kansa zai bi su ya sauka a kansa.

Amma fa a yi hattara. Abin da ke kusa da salula girma yake ƙarawa. Ragon da aka ɗauka dab da hanci sai ya fito kamar ɗan maraƙi, ranar da ya isa kuwa rigima ta tashi. Shawararmu ita ce a ja baya taku uku, a riƙe salula daidai tsakiyar haja, a ajiye tiya kusa da hatsi domin a gane girmansa. Ciniki ɗaya ake yi da hoton yaudara, mai gaskiya kuwa gobe ma shi za a kira.