Korar da ta kai sunan Rahama Sadau duniya

A farkon Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa, MOPPAN, ta ba da sanarwar korar Rahama Sadau daga Kannywood. Laifinta shi ne ta fito a bidiyon waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ, inda aka gan su riƙe da hannun juna, har da runguma. Shekararta 22 a lokacin, 'yar Kaduna, kuma shekara uku ke nan da Ali Nuhu ya shigo da ita harkar.

Sanarwar ba ta kwana ba ta karaɗe duk inda ake kallon fim ɗin Hausa, daga Kano zuwa Maraɗi har zangunan Parakou da Djougou a Benin. Wanda bai taɓa jin sunan ClassiQ ba ya garzaya YouTube don ya gane wa idonsa. BBC da jaridar Guardian ta Ingila suka ɗauki labarin. Rahama ta ba da haƙuri, amma magana ta riga ta ƙetare teku. Cikin 'yan kwanaki mawaƙi Akon ya gayyace ta Los Angeles a Amurka, a daidai watan da tashar EbonyLife ta fara nuna shirin Sons of the Caliphate da ta fito a ciki. Tallar da ko attajiri zai yi gumi kafin ya biya, waɗanda suka kore ta suka yi mata kyauta.

Ban yarda da masu cewa shiri ne ta yi ba. Budurwa Bahaushiya ba ta sayen zagin gari da gangan alhali iyayenta da ƙannenta suna ji. Abin da ta yi bayan korar shi ya fi burge ni. A 2017 ta shirya fim nata na kanta, Rariya. A farkon 2018 MOPPAN ta janye korar, a shekarar kuma ta fito a Up North, babban fim ɗin Kudu. A 2022 sai ga ta a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na 2, tare da Vidyut Jammwal.

Surutu kuwa ba ya tsayawa inda mai shi ya so. A Nuwamban 2020 ta saka hotunanta da doguwar riga mai buɗaɗɗen baya, wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga Annabi (SAW) a ƙarƙashinsu. Arewa ta ɗauki zafi. Rahama ta goge hotunan, ta fito a bidiyo tana hawaye tana barranta kanta daga maganar.

Abin da ke damuna shi ne matasan da suka taso a TikTok rabin labarin suka riƙe: a zage ka, mabiya su ƙaru, 'yan kasuwa su kawo talla. Amma shari'ar 'yar TikTok Murja Kunya a Kano a Fabrairun 2024 ta kai ta gidan gyaran hali, kotu ta ce a duba lafiyar ƙwaƙwalwarta, kuma a cikin wannan dambarwa Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbah, sai da aka yi sulhu tsakaninsa da Gwamna Abba Kabir Yusuf kafin ya koma.