Walƙiyar da Ido Ba Ya Gani

Ran Lahadi 9 ga Oktoba 2022, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniya daga sararin sama. A lokacin, wurin da ya fito yana sama da Jibiya ta wajen gabas, amma daga masu cin kasuwa har ma'aikatan kan iyaka na Magama babu wanda ya gan shi. Dalili kuwa shi ne, hasken gama ne, watau irin wanda ido ba ya kamawa, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana tare shi tun bai kai ƙasa ba. Saboda haka aka auna shi da na'urorin da aka harba sama.

Asalin gano wannan abu tsoron bam ne. Ƙasashen Afirka sun san wannan tsoro, gama a 1960 Faransa ta yi gwajin bam na nukiliya a Hamadar Sahara, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Da manyan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar hana irin wannan gwaji a sarari a 1963, sai Amurka ta harba taurarin Vela don su yi gadi. Ran 2 ga Yuli 1967 suka kama wata walƙiya wadda ba ta bam ba ce, amma ba a bayyana labarin ba sai 1973.

Ga yadda akan auna ta. A cikin na'urar akwai wani ƙarau wanda kan yi ƙyalli duk sa'ad da ƙwayar hasken ta buge shi, sa'an nan a ƙidaya ƙyallin. In taurari da dama suka kama walƙiya guda, bambancin lokacin isowarta ga kowannensu shi ke nuna inda ta fito. Daga 1991 zuwa 2000 tauraron Compton ya ƙidaya fiye da 2,700, daga kowace kusurwa ta sama. Wadda ta wuce daƙiƙa 2, galibi mutuwar ƙaton tauraro ce. Wadda ta gaza haka kuwa, galibi karon wasu matattun taurari biyu ne.

Ta 2022 ita ce mafi haske da aka taɓa aunawa, har ta fi ƙarfin na'urorin tauraron Fermi. Haskenta ya yi kusan shekara miliyan dubu biyu a hanya, duk da haka sai da ya girgiza iskar can sama.